Kunnen Daman Maiwada Mai Jita

"Wallahi Maiwada, ko ka rage ƙarar jitar nan, ko in fasa ta a kanka! Waƙa nake yi ko korar tsuntsaye a gonar shinkafa?"

"Ka ce me?"

"Kun ji shi ko? Na ce ka rage!"

"To ka buɗe baki ka yi magana mana. Kana ta tauna kalmomi kamar mai goro a kunci."

Zayyad ya ajiye tsumman da yake goge gilashin kantarsa, ya ja tsaki. Bango ɗaya ne tsakanin shagonsa na kayan waya da ɗakin da makaɗan Bilya ke gwaji, a layin da ke gangarawa kasuwar Ikara, kuma bulo ne siriri wanda ko tari aka yi a can sai ya ji. Ya san muryoyin biyu. Mai ihun Bilya ne, mawaƙin biki kuma shugaban ƙungiyar. Mai "ka ce me" kuwa Maiwada mai jita ne, mijin yayarsa Lantana, abin kunyar da aka ɗora wa Zayyad tun yana firamare.

"Ka ga fiyanon nan?" in ji Bilya. "Akwai maɓallin jita a jikinsa. Ba ya cin shinkafar biki, ba ya neman kaso, ba ya cewa 'ka ce me'. Ran Asabar muna Gazara, bikin 'yar Alhaji Abdulwahabu. Ka danne mini murya a gaban surukansa na Kudan, na rantse daga can sai gonar tumatir. Ka je ka nemi abin kunnen nan da makaɗan birni ke sawa, ka ji haukanka kai kaɗai, a sauke mana sifikarka mu huta."

Ba a jima ba Maiwada ya shigo shagon, jita rataye a baya, gashin kaza a soke cikin kunnensa na dama yana murzawa da yatsu biyu, ido ɗaya a lumshe don daɗi. Ya zare gashin, ya duba abin da ya fito, ya shafe a gefen wandonsa, sannan ya miƙa hannun nan dai don a gaisa.

Zayyad ya ba shi wuyan hannu.

"Ƙanin mata, sarkin tsafta! Ya kasuwa? Ya zafin nan?"

"Alhamdulillahi. Ya yara, su Farida? Yaya Maiwada, don Allah kada ka jingina da gilashin."

"To, na ɗaga. Gilashin ma ya fi mijin yayarka daraja."

Zayyad bai musa ba.

A Gubuchi aka haifi Maiwada, ɗan Tanimu mai kalangu, makaɗin mahauta. Ranar kasuwa uban zai tsaya a bakin rumfar fawa ya matse kalangu a hammata, ya sanar da gari an yi yanka, ya kira kowane mahauci da takensa, wato ɗan kiɗan da ya zama tamkar sunan mutum da sana'arsa. Ladarsa huhu ne da tumbi da ƙashi, kuma Maiwada ne ke kai su gida a kwano, ƙudaje na yi masa rakiya. Da ya fara gemu sai ya rantse ba zai rataya kalangu ba. Ya gudu Zariya, ya zauna gyaran rediyo a Sabon Gari wajen wani mutumin Kafanchan mai suna Bulus, wanda ke kaɗa jita a coci ran Lahadi. A can ya koya. Ya dawo da tsohuwar jita mai jona wuta, yana gaya wa kowa shi ya gama da kiɗan ƙauye.

Ƙarya yake yi, kuma duk mai kunne ya sani. Idan ya danna tsirkiya ya ja ta sama, sai ta lanƙwashe ta yi magana daidai yadda kalangu ke yi in an matse shi. Taken manoman rake, taken maƙera, taken direbobi, taken kowane gida daga Kurmin Kogi har Makarfi, duk suna cikin yatsunsa. Ya gudu daga kalangu har Zariya, ya dawo da kalangu mai igiyar lantarki. Abin da ya sa Bilya ke haƙuri da shi ke nan. Fiyano ya iya kome, amma bai san uban kowa ba.

Ranar da ba biki yana fadama yana ban-ruwan tumatir. Lantana kuwa ita ta gan shi a wani biki ta ce ta ji ta gani, duk da gidansu gidan teloli ne, masu guga da turare, waɗanda ba su taɓa haɗa jini da maroƙa ba. Ita ba ta yi nadama ba. Zayyad ne ya yi ta a madadinta, tun ranar da 'yan ajinsu suka fara kiran sa surukin kalangu.

"Abin kunne na zo saye," in ji Maiwada. "Mai sauƙin kuɗi, amma kada ya zama na yara. Ba ni wancan marar igiyar, irin na 'yan gayu."

"Wancan bulutut ne. Sauti yana makara kafin ya iso. Za ka taɓa tsirkiya yau, ka ji ta gobe."

"To waɗancan da ka rataya kamar tsire?"

"Na jin waƙar fim ne a kan babur. Dum-dum kawai suka iya, jita nutsewa take yi a ciki. Kuma ba sa toshe kunne, sai ka yi ta ƙara murya don ka rinjayi janareta, har ka ƙone abin da Allah ya ba ka."

Zayyad bai son makaɗa, amma yana son a san ya san kayansa. Ya ce akwai wanda manyan makaɗan duniya ke sawa, wanda sai an zuba wa mutum wani abu kamar ƙullu a kunne an ɗauki siffarsa kafin a ƙera. Wannan kuɗin babur ne, ba na Maiwada ba ne, ba na Ikara ba ne. Sannan ya sunkuya ya ciro wani ƙaramin kwali daga ƙasan kanta, cikin 'yan kaɗan da ya saro a Kano saboda samarin situdiyo na Makarfi.

Iyafis ne, amma na makaɗa. Igiyarsa ta bayan kunne take zagayawa don kada ta fisge in an motsa, kuma ana cire ta daga jikin kan, in ta tsinke a sayi igiya kawai ba sabon kaya ba. Akwai robobin baki ƙanana da matsakaita da manya, da wasu na soso da ake murzawa a cusa su kumbura a ciki. Tare da shi akwai ɗan akwati mai batir da ake maƙalawa a ƙugu, a jona shi da miksa, injin da ke haɗa sautin kowa, sai mutum ya ji kiɗansa kai tsaye, ƙasa-ƙasa, ba sai an girke masa sifika a gefen kai ba. Kuɗinsa duka bai wuce na 'yan kwandunan tumatir ba.

"Sirrin yana wajen robar," in ji Zayyad. "In ba ta zauna daram ba, ka yi asara. Amma ka ji sharaɗina, duk wadda ta shiga kunnenka ta sayu."

Maiwada ya gwada ƙaramar, ta faɗo. Ya gwada babbar, ta ƙi shiga, ya tofa mata yawu ya sake turawa. Da ya ciro ta, fara ce ta shiga, ruwan ƙasa ta fito, da wani ɗan silin gashin kaza manne a baki. Zayyad ya ja da baya. Ya ɗauko hantsakin da yake gyaran waya da shi, ya tsince ta daga nesa, ya jefa a murfin kwalba mai sifirit.

"Kai dai da ba don Lantana ta rantse uwarku ɗaya ba, da na ce a kantin magani aka haife ka."

Ta soson ce ta zauna. Zayyad ya jona jitar da ɗan akwatin, ya murɗa kaɗan. Maiwada ya taɓa tsirkiya ɗaya, ya tsaya. Ya sake taɓawa. Fuskarsa ta saki kamar wanda aka sauke wa buhu daga ka. Ya yi ta kaɗawa shi kaɗai, shagon shiru sai ƙyas-ƙyas ɗin farce a kan waya.

"Kai! Zayyadu! Duka biyun raɗau. Na hagun ma ya fi zaƙi."

Zayyad ya dubi na hagun. Garin ƙoƙarin kada yatsansa ya taɓa fatar kunnen, bai danna igiyar ta shiga ba. Tana nan tana reto a bayan wuyan Maiwada, ba a jone da kome ba. Ya ɗago bakinta da hantsaki, ya kawo ta gaban idonsa.

Maiwada ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya leƙa bangon, ya rage murya, wanda a wajensa raguwa ita ce muryar kowa ta yau da kullum.

"Bara ya mutu. Na je asibiti a Zariya, na ce wa mutane tsirkiya na je saye. Likita ya ce sifika da janareta sun cinye shi, ba gyara. Na daman ma gyare ke kuka a ciki dare da rana. Ya ce in ban kare shi ba, zai bi ɗan'uwansa."

"Yaya Lantana ta sani?"

"Ta ɗauka raini ne ya sa ba na amsa ta. Na bar ta a haka."

"Ka gwammace ta ce ka raina ta?"

"Mai raini miji ne har yanzu. Ka rufa mini asiri, ƙanin mata. Bilya ya ji wannan, ko kayana ba zai bari in naɗe ba."

Sai kuma ya kawo matsalar da Zayyad, duk saninsa da kwali da igiya, bai hango ba. A birni makaɗi na toshe kunne biyu, don an riga an tsara waƙa ta ɗaya da ta biyu. A bikin ƙasar nan ba mai tsarawa sai sanƙira, mai shelar sunan duk wanda zai shigo fili. Nasu Salmanu ne. Yana tsaye a bakin zaure, ya ga wanda ke tafe, ya kwarara sunansa tun bai fito ba, mai jita ya juya zuwa takensa nan take, don mutum ya tako a kan kiɗansa. Saboda haka duk makaɗin da ya sa iyafis, ɗaya yake sawa, ɗaya kunnen a buɗe domin Salmanu. Bilya ma haka zai ce.

"In na sa a na hagu, ado ne, na daman na cikin wuta. In na sa a na dama, na bar wa Salmanu gawa."

"A ba Salmanu makirfo a jona da miksa. Shi ke nan, sai ya shigo maka ta igiya."

"Salmanun da in ya yi atishawa a Ikara ake yi masa addu'a a Kudan? In ce a ba shi makirfo, Bilya ba zai tambaye ni dalili ba?"

Warin ruɓaɓɓen tumatir ya taso daga kwata.

"Sauran mutane ina ganin su in sun shigo, in lallaɓa," in ji Maiwada. "Alhaji ne kaɗai dole takensa ya riga shi fitowa. Ka zo ka hau benci inda zan hango ka. Salmanu na ambaton Alhaji, ka cire hula. Hula kawai, Zayyadu. Ba sai ka taɓa kowa ba."

Zayyad ya tuna Lantana da 'ya'yanta, ya tuna cewa in jita ta tsaya, tumatir kaɗai ba zai riƙe gidan ba, kuma ƙofarsa za a fara bugawa. Ya danna maɓallin da ke tattara sauti duka zuwa gefe ɗaya, ya ce to.

Ran Asabar bayan la'asar aka kafa rumfuna a ƙofar gidan Alhaji Abdulwahabu a Gazara. Ƙamshin rake da ake dafawa a bayan gari ya cika iska, don da mazarƙwaila Alhaji ya yi arziki, motocinsa na kai ta har kudu. Abin da ba a faɗa a gabansa shi ne ubansa Jatau mahauci ne a kasuwar Gubuchi. Alhaji ya bar garin, ya daina zuwa sunan dangi, ko tsire ba ya ci a bainar jama'a. Yau ga shi yana aurar da 'yarsa Rashida ga wani gidan sarauta na yankin Kudan, mutanen da ke lissafa kakanni kamar carbi. Suna jere a kujerun gaba cikin manyan riguna, kowa da wayarsa a hannu.

Zayyad ya hau benci a gefen rumfa cikin farar shaddarsa. Ya hango Maiwada a bayan Bilya, iyafis a kunnen dama, na hagu a buɗe ga duniya. An sauke sifikarsa, muryar Bilya ta fito tas, har ya waiwayo ya ɗaga wa Maiwada babban yatsa.

Mahautan Gubuchi ne suka yanka shanun biki, don duk gudun Alhaji ba ya yarda da wuƙar kowa sai tasu. Ya ce a ba su abinci a bayan gida, su tsaya a can. Amma da suka ji jitar ɗan Tanimu sai suka ɓullo ta lungu da kayan aikinsu, riguna sun yi tauri da jini da kitse, suka ce a yi musu nasu kafin manya su fito. Bilya bai taɓa ƙin liƙi ba ko daga hannun wa. Ya gyaɗa kai.

Maiwada ya shiga taken mahauta. Zayyad, wanda ba ya son kiɗan, sai da ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Mutumin ya shekara da shekaru yana kaɗawa a makance, yana laluben sautinsa cikin hayaniya, yau ga kowace tsirkiya na zuwa masa a wanke. Jitar ta yi ta kiran sunayen matattu. Yana yi yana ɗago ido wajen benci, ya ga hula a kai, ya koma.

Sai wani tsohon mahauci ya hango Zayyad. Ya ratso rawa ya kama hannunsa da hannu biyu, ya jijjiga, ya ƙi saki.

"Surukin ɗan Tanimu! Ai namu ne! Jama'a ga namu a kan benci!"

Hannun na da santsi, da ɗumi, da ƙarnin tumbi. Busasshen jini ya cika ƙarƙashin farce. Da ya saki, ga sawun yatsu a hannun farar shadda. Biyu daga cikin mutanen Kudan suka ɗago daga wayoyinsu suka dubi Zayyad daga hula har takalmi.

Ya sauka. Ya samu buta a bayan rumfa, ya ciro ɗan sabulun da ba ya rabuwa da shi, ya durƙusa. Yana cikin cuɗawa muryar Salmanu ta tsaga filin.

"Ga Alhaji Abdulwahabu! Mai rake, mai mazarƙwaila, uban amarya! A ba shi hanya!"

Bencin na nan kusa, tsalle ɗaya. Hular na kansa. Kumfa ba ta hana mutum cire hula. Amma in ya hau, sai ya sake tsayawa a idon mutanen nan, da tabo a hannun riga, a matsayin namu. Ya ci gaba da wanke tsakanin yatsunsa, a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Alhaji ya fito daga zaure cikin farar babbar riga, ya tako a kan taken mahauta.

Da a ce ya tsaya cak ne, da da sauƙi. Amma jiki ya riga hankali. Kafaɗarsa ta dama ta zabura, ƙafarsa ta buga ƙasa daidai inda ake bugawa, kafin ya tuna ko shi wane ne yanzu. Kowa ya gani. Tsohon mahaucin ya kurma ihu, "Ɗan Jatau mai wuƙa! Jini bai manta ba!" Suka yi masa zobe, suka rungume shi, suka ɗaga hannunsa sama. Da ya ƙwace, rigar ta koma kamar tsumman rumfar fawa. Wani dattijon Kudan ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Samarinsu kuwa sun ɗaga wayoyi suna ɗauka.

Bilya ya fisge igiyar miksa. Filin ya yi tsit, sai janareta.

"Maiwada! Ba ka ji Salmanu ba? Ga kunnenka nan a buɗe kamar ƙofar kasuwa! Ko kurma ne kai?"

Idon kowa ya koma kan kunnen hagun. Maiwada ya zare iyafis daga na dama. Ya dubi bencin da ba kowa. Ya dubi Zayyad da ke tsaye a bakin rumfa, ruwa na ɗiga daga yatsunsa. Sannan ya miƙe, ya gyara zaman jitar, ya ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Na ji sarai. Da gangan na yi. Ubana ya ƙare rayuwarsa yana kaɗa wa ubansa kalangu. Ran da uban nawa ya rasu, mutumin nan ko gaisuwa bai taka ya zo ba. Na ce bari in tuna masa hanyar gida."

Zayyad ya san ƙarya ce. Yana wurin zaman makokin Tanimu. Alhaji ya zo, da sassafe, a ɓoye dai, amma ya zo, ya durƙusa a gaban tsohuwa, har ya bar buhun shinkafa. Maiwada da kansa ya shigar da buhun ɗaki. Kuma Alhaji ba zai iya ƙaryata shi ba, don in ya ce ya je, ya amsa a gaban surukai cewa shi ɗan gidan ne. Ya tsaya kawai, kitse na ƙyalli a ƙirjinsa.

A wurin Bilya ya sallami Maiwada. A bayan motar rake ya koma Ikara da jitarsa.

Abin da ya biyo baya shi ya fi tayar wa Zayyad da zuciya. Ya zaci gari zai tsine wa Maiwada. Ina. A teburin mai shayi cewa ake yi namiji ke nan, ya faɗa wa mai kuɗi gaskiya. Waɗanda jiya ke kwaikwayon "ka ce me" suna dariya, yau su ke tsayar da babur su gaishe shi. Hoton kafaɗar Alhaji na yawo daga waya zuwa waya, har a shagon Zayyad ake zuwa a ce a tura. An ce amarya ta tare, amma tun kafin lalle ya goge matan gidan sun fara tambayar ta yadda ake wanke hanji. Ba wanda ya damu da ita. Lantana ta zo ta yi kuka, ta ce ba ta san mijinta na da riƙo haka ba, amma ko cikin kukan Zayyad ya ji wani ɗan alfahari yana leƙowa. Gari guda ya ɗauki ƙarya ya shafa a jiki kamar turare. Shi kuma ya kai shaddar wajen mai wanki, ta dawo, tabon na nan dishi-dishi.

Wata ranar kasuwa da hantsi, ana jin fiyano ta bango yana kwaikwayon jita, wani siririn kuka kamar sauro a gwangwani, Maiwada ya shigo. Ba gashin kaza yau. Ya ajiye robobin soson a kan gilashi, sun yi baƙi sun ƙanƙance.

"Sababbi nake so, ƙanin mata. Irinsu."

Zayyad ya share su cikin kwandon shara da gefen kwali, ya ciro sababbi. Ya jira a tambaye shi zancen hula. Ya tanadi amsa tun ranar, da buta da sabulu da tsohon da ya riƙe shi. Maiwada bai tambaya ba. Yana ta juya ledar a hannu yana duba girman soson, kamar wanda ya daɗe da sanin amsar, ya kuma ga ba ta kai a ɓata yawu a kanta ba.

Zayyad ya zagayo kanta, ya tsaya ta damansa.

"Yaya Maiwada, ka ji abin da ke fita ta bangon nan. Bilya ya gaji da shi, jiya ma an kore su da wuri a Kurmin Kogi. Ka gaya masa gaskiya. Ko ka bar ni in gaya masa. A ba Salmanu makirfo, ka koma aikinka. Ka je ka ba Alhaji haƙuri, ka san bai yi abin da ka ce ba. Yarinyar nan fa ita ke biya."

Maiwada ya sa ledar a aljihu. Na ɗan lokaci fuskarsa ta yi kamar za ta faɗi, da aka ambaci yarinyar. Ya gyara ta. Ya nufi ƙofa, ya dafa ƙyauren da hannun da Zayyad ya san sai ya bi da tsumma, ya juyo da gefen damansa.

"Mahautan Gubuchi sun kira ni bikin ɗan Sarkin Fawa. Na Makarfi ma sun aiko. Take ɗaya suke so daga farko har ƙarshe, ba sanƙira, ba canji, in toshe kunnena biyu in yi ta yi. Mugu suka kira, Zayyadu. Ka taɓa jin wanda ya kira kurma kiɗa?"